Cunkoson Yamai: a duba agogo kafin a ƙara gada

Tun daga 1970 da aka buɗe gadar Kennedy har zuwa 2011, gada ɗaya tak ce ta haɗa gaɓoɓin kogin Kwara biyu a Yamai. A 2011 aka samu ta biyu, wadda ƙasar Sin ta gina, a 2021 aka ƙara ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché. An kuma gina gadojin sama, irin ta Mali Béro a 2013. Duk da haka, ma'aikacin da ya fito daga Harobanda da safe yana nufin Plateau ya san cewa jerin motoci da babura bai gushe ba.

Dalili a fili yake. Birnin da mutanensa suka zarce miliyan 1 tun ƙidayar 2012 yana tashi ne da ƙararrawa guda. Ma'aikatun gwamnati, bankuna, makarantu, duk cikin sa'a ɗaya suke buɗe ƙofa. Hanyar da ta toshe da sassafe, da hantsi sai a tarar da ita wayam. Masanin tattalin arziki William Vickrey ya bayyana wannan tun 1969: cunkoso layi ne da ke taruwa a matsatsi, gada ko mararraba, saboda kowa yana son isa a lokaci guda. Wani ya yi sammako ya zauna jira a bakin ma'aikata, wani ya makara, sauran kuma su ƙona mai a tsaye.

Maganin da ya fi araha ba sabo ba ne. A 1967 wani kamfanin ƙera jirage da ke kusa da birnin Munik, a Jamus, ya gaji da toshewar hanyar masana'antarsa, ya bai wa ma'aikata damar zaɓen lokacin zuwa da na tashi, bisa sharaɗin kowa ya kasance a wurin aiki cikin wasu sa'o'i na tsakiyar yini, ya kuma cika adadin sa'o'insa. Tsarin ya bazu cikin Turai. Ba sai dukan jama'a sun sauya ba. Idan wani kaso ya fito rabin sa'a kafin saura, wani kuma bayansu, layin ba ya samun damar yin tsawo.

Sai dai ba kowane ma'aikaci ne ke da ikon lokacinsa ba. Magidancin da ke goya yara uku bisa babur zuwa makaranta, agogon makaranta ne ke fitar da shi daga gida, ko da ministansa ya yi masa sassauci. Muddin ba a haɗa da hukumomin ilimi ba, dokar za ta tsaya a takarda. Akwai kuma halin ɗan Adam: da zarar hanya ta yi sauƙi, waɗanda suka saba sammako sukan koma ga tsohon lokacinsu, cunkoson ya sake ɗinkewa. Shi ya sa rarraba lokaci tsakanin ma'aikatu, wannan da ƙarfe 7 da rabi, waccan da ƙarfe 8 da rabi, ya fi dacewa da barin kowa da son ransa.

Ƴan kasuwa suna da haƙƙin yin ɗari-ɗari. Wanda ya baro shagonsa a Katako ko Wadata don neman sa hannu a ma'aikatar haraji ko ta kwastan ya riga ya san amsar nan ta kullum: "bai zo ba tukuna", ko "ya ɗan fita". Idan sassaucin ya zama lasisin makara, to an rage cunkoso a kan titi an mayar da shi bakin taga. Ƙungiyoyin ƙwadago, da USTN a gaba, su ma za su so sanin wanda zai riƙe rajistar zuwa da tashi, don kada ta zama bulala a hannun shugaban da ke da ƙullin siyasa da na ƙasa da shi.

Ya kamata gwamnati ta gwada tsarin a ma'aikatu kaɗan na Plateau har tsawon shekarar karatu ɗaya, ta ƙayyade sa'o'in da dole a iske ma'aikaci a kowace taga, a liƙa su a ƙofa. A ƙirga motocin da ke haye gadar Kennedy kafin gwajin da bayansa, a buga sakamakon kowa ya gani. Maraɗi da Damagaram, inda ƴan kabu-kabu ke cika hanyoyin kasuwa kowace safiya, za su iya ɗaukar abin da ya yi musu daidai.