Manhajar da ba ta aiki a Katagum ba ta gama haɗuwa ba

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan kwamfuta da ke Azare da Gadau masu shirin furojek ɗin ƙarshe.

Zangon da ya wuce na haɗa manhajar sauraron lakcoci na murya. A Azare tana aiki lafiya lau, abokai har suna ce min injiniya. Da na je gida Katagum hutu na saka wa ƙanwata a wayarta, wallahi kunya ta kama ni. Lakcar awa ɗaya ta kai kusan ƙarshe, sabis ya ɗauke, saukewar ta koma farko. Sau uku. Datar da Baba ya saya mata ta sati ta ƙare a yini guda, ba ta ji ko minti ɗaya ba.

Laifina ne, kuma na ga irinsa a furojek ɗin mutane da yawa. Muna ɓata sati biyu kan kalar maɓalli, amma ba ma tambayar ina sautin zai zauna bayan an sauke shi.

Ku yi lissafi. MP3 a kan 128kbps yana cin kusan 1MB duk minti, awa ɗaya kusan 58MB ke nan. Muryar malami ba waƙa ba ce. A matse ta zuwa 32kbps, ta dawo wajen 14MB, kuma ana jin komai sarai. Saƙon murya na WhatsApp da Opus ake matse shi, shi ya sa yake wucewa ko sabis na rarrafe. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan bambancin kuɗin abincin wani ne.

Ni kuskurena ya fi haka ma. Ina tara fayil ɗin gaba ɗaya a RAM kafin in ajiye, ƙaramar waya kuwa sai manhajar ta mutu. Yanzu kaɗan-kaɗan nake rubuta shi cikin ma'adanar waya da suna na wucin gadi, sai ya kammala in canja masa suna, don kada a kunna rabin lakca a zaci duka ce. In sabis ya yanke, manhajar ta nemi ragowar daga inda ta tsaya. HTTP na da Range don wannan, DownloadManager na Android ma yana ci gaba da kansa. Kuma kada ku ajiye a cache, Android na share shi idan wuri ya cika, ɗalibi ya tashi daren jarrabawa ya tarar babu komai.

Malamanmu masu duba furojek, don Allah ranar kariya a ce ɗalibi ya kashe data ya kunna sautin a gaban kowa.

Wanda ke da tsohuwar waya mai 1GB RAM ya ara min ranar Asabar, zan sake gwadawa kafin in koma wajen ƙanwata.