Allurar Rage Ƙiba Ba a Yi Mata Ramuwa

'Yan uwa maza da mata na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, Allah Ya ƙara mana lafiya.

Yau maganarmu a kan allurar nan ce ta mako-mako da ta fara shigowa gidajenmu, wadda ake yi don ciwon suga ko rage ƙiba, irin su Ozempic da Wegovy da Mounjaro. Tambayar da ta yawaita ita ce: Malam, ranar allurata ta wuce ban yi ba, in haɗa biyu ne in rama?

Amsa a taƙaice: a'a. Mun saba in sallah ta kuɓuce a rama, in azumi ya kuɓuce a rama, sai zuciya ta ɗauka magani ma haka yake. To ba haka ba ne. Maganin da ke cikin Ozempic da Wegovy yakan ɗauki kusan mako guda kafin rabinsa ya bar jiki, shi ya sa ma ake yin allurar sau ɗaya a mako. Wanda ya makara da kwana biyu jikinsa bai zama fanko ba. In ya zuba biyu a lokaci ɗaya, sai tashin zuciya da amai da gudawa. A zafin ƙasar nan kuwa, wanda yakan haura digiri 40 a bazara, amai da gudawa su ne ke ƙarar da ruwan jiki har ƙoda ta taɓu.

Ga ƙa'idar da masu haɗa maganin suka shimfiɗa. Mai Ozempic ko Wegovy, in bai wuce kwana 5 da ranarsa ba, ya yi da zarar ya tuna. Mai Mounjaro, iyakarsa kwana 4. In an wuce haka a bar ta, a jira ranar da aka saba.

Misali, Alhaji ranar allurarsa Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari. Tun asuba yana kara, da yamma aka yi lodin shanu, ya bi mota Kudu, allura tana gida. In ya dawo Litinin, kowace iri yake yi, ya yi abarsa. In Talata ce, mai Ozempic ko Wegovy ya yi, mai Mounjaro ya haƙura. In ta kai Laraba, kowa ya jira Alhamis, kuma guda ɗaya zai yi.

Wanda ya tsallake mako biyu ko fiye, shi lamarinsa daban ne. Wannan magani da kaɗan ake fara shi, Ozempic da Wegovy daga miligiram 0.25 na tsawon mako 4, sannan a riƙa ƙarawa yadda ciki zai saba. In an daɗe ba a yi ba, sabon ya tafi. Kada ka koma kan babban awon da ka tsaya a kai da ra'ayinka. Ka je wurin likitan da ya rubuta maka, ko Babban Asibitin Gumel, su faɗa maka inda za ka ɗora. Mai ciwon suga kuma ya riƙa auna sugansa a kwanakin da ya tsallake.

Sai abin da ya shafi sana'armu. Akwai masu cewa tunda allura ta wuce, bari su cike gurbi da sanamaki ko filasko. Ni mai sayar da su ne, amma ba na goyon bayan wannan. Su masu sa gudawa ne, ruwa suke fitarwa, kitse yana nan inda yake. In kuma ka sha yau gobe ka yi allura, ka haɗa wa cikinka wuta biyu. Haka mai ƙin cin abinci wuni guda wai don ya hukunta kansa, musamman in yana shan wani maganin suga, suga na iya faɗuwa ya yanke jiki.

Wani kuma in tasa ta ƙare yana kan hanya, sai ya saya a hannun duk wanda ya samu. Hattara. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun Ozempic da aka kama a Burazil da Ingila da Amurka. Mu da muke bakin iyaka, kaya na shiga suna fita, mun fi kowa buƙatar lura. Tsallake mako ɗaya ya fi ka tsira wa jikinka abin da ba ka san asalinsa ba. Kuma allurar da ta wuni a cikin mota a rana ba abin dogaro ba ce, domin ba ta son zafin da ya wuce digiri 30, wadda ba a buɗe ba kuwa firij take zama.

Shawarata, maganin kar a yi kar a fara. Ka zaɓi ranar da ka san kana gida, ba ranar kasuwa ba. Ka sa ƙararrawa a waya, ka gaya wa uwargida ta riƙa tuna maka, ke ma ki gaya wa maigida. Ana iya sauya ranar ma, in dai an bar aƙalla kwana 3 tsakanin allura da allura.

A tura wa 'yan uwa masu amfani da ita. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma Ya ƙara mana. Wassalamu alaikum.