Mota ta samu ɗaki, mutum na kwana waje

Yau ga wata magana daga Amurka wadda mu ma ta shafe mu. Shekara da shekaru, garuruwa da yawa can sun kafa doka: duk wanda zai gina gidajen haya, tilas ya ware wurin ajiye mota ɗaya ko biyu ga kowane gida. Ɗan haya na da mota ko ba ya da ita, ba ruwan hukuma.

To ku lissafa. Wurin mota guda, haɗe da hanyar shiga, yana cin metir kare 25 zuwa 30. Ai wannan ɗaki ne da falo! Kuma kuɗin filin da na ginin, mai gida kan haya yake aza su. Ke nan talakan da ke shiga bas shi ka biya wa mai mota wurin kwanan motarshi. Mu dai zalunci muke kiran wanga abu.

Jihar Kalifoniya, inda aka ƙidaya mutane fiye da dubu 170 marasa muhalli a 2022, ta farka. A shekarar ne gwamna Gavin Newsom ya sa hannu kan dokar AB 2097. Tun Janairun 2023, in ban da wasu ƴan sharuɗɗa, ba a tilasta wa mai gini wurin mota idan ginin bai wuce kusan metir 800 daga babbar tashar jirgin ƙasa ko bas ba. Birnin Buffalo ma ya soke irin wannan tilas a gari duka tun 2017.

Masu adawa sun ce motoci za su cika titi. Haba! Ba a hana kowa gina garaji ba, tilas ɗin kawai aka cire. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: mai mota ya biya wurin motarshi da kanshi.

Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sai faɗi suke yi, haya na ƙona mutane, kuma yawancinmu moto, taksi ko ƙafa ne abin hawanmu. Don haka, magadan gari, dan Allah in kuna tsara sababbin unguwanni, kada ku kwaso mana dokar da masu ita ke zubarwa. Filin da ke kusa da tasha, a gina wa mutane ɗakuna tukuna.