Kafin Mu Kai Loma Baki

'Yan uwana ɗalibai, akwai tambayar da ba ma yi wa kanmu, alhali kullum muna amsa ta da aljihunmu sau biyu ko sau uku: wa muka amince wa ya ciyar da mu? In waya ta hannu za mu saya, sai mun jujjuya ta, mun gwada batir, mun kira abokin da ya san kan waya ya duba mana. Amma abin da zai shiga ciki ya zama jini da tsoka, sai dai mu miƙa kuɗi, mu karɓa a leda, mu ci a tsaye muna sauri kada malam ya rufe ƙofar aji.

Ra'ayina a nan guda ɗaya ne. Abincin da ya cancanci mu amince da shi shi ne wanda idonmu zai iya ganin yadda aka yi shi, ko kuma wanda akwai wanda ya duba shi a madadinmu. Ƙyallin leda da gilashin shago ba shaida ba ne. Haka nan don an ce abu na gargajiya ne, wannan ma bai wanke shi ba.

Mu fara da abin da muka fi ci. Da safe Indomie da ƙwai a teburin mai shayi, da rana fanke ko samosa da lemon kwalba, da dare kuma, in alawus ya shigo, shawarma. Ba na cewa guba ne. Matsalar ita ce sun zama abincin kullum, kuma abu uku ne suka cika su: gishiri, sukari da mai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. To ku lissafa: garin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliya biyu, ga dunƙulen da mai shayi ya ƙara, ga yaji mai gishiri a kai. Kafin azahar mutum ya cinye rabonsa na yini. Sukari kuwa, shawarar hukumar ita ce kada wanda ake zubawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu a rana, wato kusan giram 50 ga baligi. Lemon kwalba guda mai rabin lita, irin mai cikakken zaƙi, yana iya kai wannan adadi shi kaɗai. Ba banza ba gwamnatin tarayya, a dokar kuɗi ta 2021, ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka.

Na san abin da wani zai ce: "Haba, hawan jini da ciwon suga ai na tsofaffi ne." A'a wallahi. A jikin tsoho suke bayyana, amma tun mutum yana shekara ashirin ake aza tubalinsu. Shekara biyu na ND, biyu na HND, in ka haɗa da shekarar koyon aiki a tsakani, biyar ke nan. Ɗabi'ar da ciki ya saba da ita shekara biyar ba ta tsayawa a bakin get ranar da aka gama.

To mene ne madadin? Ba sai mun je nesa ba. Ƙosai da koko, alale, ɗanwake, garau-garau, awara, dambu, kwaɗon zogale ko na rama, dafaffen dankali, kunun gyaɗa, fura da nono. Wake da waken suya da gyaɗa suna gina jiki a farashin da bai kai na nama ba. Gero da dawa suna daɗewa a ciki, shi ya sa wanda ya sha fura da hantsi yake kai la'asar bai ji jiri ba, shi kuwa mai fanke da lemo kafin a fito lakca ta biyu ya fara hamma. Kakanninmu ba su karanci kimiyyar abinci ba, amma haɗin shinkafa da wake da suka bar mana haɗi ne da masana ke yabawa, domin abin da hatsi ya gaza a wajen gina jiki wake yana cike shi.

Sai dai fa a nan ne nake son mu yi wa juna gaskiya. Abincin gida ma yana da nasa haɗarin, kuma wani lokacin ya fi saurin kayar da mutum. Mutanen Kano ba su manta 2021 ba, lokacin da aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen ɗan tsami. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Wancan waken da aka ƙi a can, a tukunyar wa kuke zaton irinsa yake ƙarewa? Gyaɗa da masara da suka yi funfuna suna ɗauke da wata guba da ke lalata hanta a hankali, kuma suya ba ta kashe ta, don haka ƙuli-ƙuli mai ɗaci ba abin daurewa a haɗiye ba ne. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan 'yan kasuwar da ke nunar da ayaba da mangwaro da kabayid, wanda masu walda ke aiki da shi. Ko burodi bai tsira ba: tun zamanin marigayiya Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar daga 2001 zuwa 2008, ake yaƙi da masu zuba sinadarin buromet don burodi ya kumbura.

Ashe ke nan maganar ba ta tsaya a "bar shawarma, koma ɗanwake" ba. Sai an haɗa da ido. Ga abin da nake dubawa, kuma ba ya cin minti ɗaya. Man suya: in ya yi baƙi, yana kumfa, yana hayaƙi, an maimaita shi har ya gaji, awarar da ta fito daga cikinsa ta rasa rabin amfaninta. Zafi: ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, kuma ƙa'ida ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a firji ba. Shinkafar da aka sauke da safe, aka bar ta cikin kula har bayan la'asar a zafin watan Afrilu, ba abin amincewa ba ce. Ruwa: da wane ruwa aka dama zoɓo da kunun aya, da wanne aka yi ƙanƙarar da ke ciki? Taifot da kwalara ta nan suke bi. Hannu: wanda ya karɓi kuɗi, ya share gumi, ya kuma damƙo maka gurasa da hannun nan, ya ba ka ƙarin da ba ka biya ba. Abin leda kuwa, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Gani ya kori ji.

Akwai uzurin da na yarda yana da ƙarfi: kuɗi da lokaci. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, ɗalibi kuma yana lissafin kuɗin mota, kuɗin hoto-kwafi da data kafin ya zo kan ciki. Wanda ke da lakca daga takwas zuwa shida ba ya da lokacin jiƙa wake. Gaskiya ne. Amma a sa a sikeli: abin da ake kashewa a shawarma ɗaya da lemo zai sayi ɗanwake da ƙwai har a yi ragi. Kuma kwana uku a gadon asibiti a makon jarabawa, da kuɗin ruwa da allura, da kwas ɗin da za a maimaita baɗi, sun fi kowace loma tsada. 'Yan ɗaki huɗu in suka haɗa kuɗi suka sayi kwanon wake, gero da man gyaɗa, suka raba girki kwana-kwana inda dokar ɗakin kwana ta yarda, kowa zai ga sauƙi.

Sauran aikin na ƙungiyar ɗalibai ne, domin ba komai ido ke gani ba. Kwalejin kimiyya da fasaha muke, muna da ɗakunan gwaji da ɗaliban da ake koya wa auna tsaftar ruwa da abinci. Me zai hana ƙungiya ta zauna da hukumar makaranta da asibitinmu, a riƙa zagaya masu sayar da abinci kowane zango, a gwada ruwansu, a ga inda suke girki, wanda ya cika sharaɗi a ba shi takarda ya manna inda kowa zai gani? Ba don a kori kowa ba. Yawancin iyayenmu mata da ke sayar da abinci a nan da wannan sana'a suke riƙe gidajensu, kuma da yawansu sun fi wasu manyan shaguna tsafta. Takardar za ta ƙara musu ciniki ne. A kuma nemar musu famfo mai ruwa da wurin zubar da shara, don ba a tambayar tsafta a inda babu ruwa.

Zaɓen ƙungiya in ya zo, 'yan takara za su cika mana kunne da alkawarin wasanni da makon al'adu. Ni dai tambayata gare su ita ce: wa zai duba tukunyar da muke ci daga ciki? Kafin su amsa, mu ma mu riƙa tambayar mai abinci cikin ladabi, "Baaba, yaushe aka sauke?" Mai gaskiya ba za ta ji haushi ba. Lafiya uwar jiki, kuma takardar shaidar da muka zo nema sai mai lafiya take yi wa amfani.