Gona da Gida: Gwangwanin Awon Ruwan Sama

Mu manoman ƙasar Dambatta, Bichi da Minjibir, gonakinmu ƙanana ne, kowace tana manne da ta maƙwabci, iri kuwa da tsada. In muka yi shuka da yayyafin farko, sa'an nan ruwa ya ɗauke mako biyu, gero ya ƙone, sai mu koma kasuwa neman wani iri. Wannan hasara muke so mu rage.

A Kano ana rubuta awon ruwan sama tun 1905. Galibi akan sami wajen milimita 800 a shekara, daga Mayu zuwa Satumba, Agusta kuwa ya fi kowane wata. A farin 1973 abin da ya sauka wajen rabi ne kawai. Amma awon da ma'aikatan NiMet suke yi a filin jirgin saman Kano ba na gonarmu ba ne, gama akan yi ruwa a wannan ƙauye, na gaba da shi ko ɗigo. Saboda haka sai kowane gida ya auna nasa.

Ga yadda za mu yi. Mu sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya ne. Mu kafa turke a fili, nesa da itace da indararo, inda awaki ba za su ture ba, mu ɗora gwangwanin a kai daidai. Kowace safiya, lokaci ɗaya, mu tsoma busasshen tsinke har ƙasa, mu gwada wurin da ya jiƙe a jikin rula, mu rubuta da kwanan wata, mu zubar da ruwan. Ranar da ba a yi ruwa ba ma a rubuta sifiri. Aikin nan ya dace da ɗan makaranta, zai ma ƙara masa lissafi.

Malaman gona sukan ce a jira wajen milimita 20 zuwa 25, watau kusan inci ɗaya, cikin kwana biyu, kafin a shuka. Mu haɗa wannan da dabarar iyayenmu, mu tona ƙasa mu ga zurfin laima.

Littafin kuwa mu adana shi. Bayan damina uku ko huɗu, shi zai nuna mana lokacin da ruwa ya saba zama sosai a wurinmu, da ko ya kamata mu nemi iri mai saurin nuna. Bazara ta kusa, sai a tanadi gwangwani tun yanzu.