Fasahar Nano a Gona: Gani Ya Kori Ji

Cikin shekarar 1959 wani masanin kimiyya na Amurka, Richard Feynman, ya ce wata rana ɗan Adam zai sarrafa abubuwan da ƙanƙantarsu ta wuce ganin ido. Wannan ilmi shi ake kira fasahar nano. Ma'auninsa nanomita, watau in an tsaga silin gashi gida 80,000, kashi ɗaya kimaninsa ke nan.

Amfaninsa ga manomi ba shi da wuyar ganewa. Yawancin maganin da ake fesa wa shuka ba ya daɗewa a ganye, ruwan sama ya wanke, rana ta ƙone. In aka ɗura shi cikin ƙwayoyi ƙanana ainun, sai ya manne, ya riƙa fita sannu a hankali. A 2017 masana na Jami'ar Queensland ta Ostareliya suka ɗora wani magani bisa ƙwayoyin yumɓu, feshi ɗaya ya tsare ganyen taba daga cutar bairus har kwana 20.

Amma fa ba duk abin da aka laƙaba wa sunan nano ne abin dogara ba. A 2021 ƙungiyar IFFCO ta Indiya ta fito da takin yuriya na ruwa, ta ce kwalba mai rabin lita tana maimakon buhu mai kilo 45. To, a yi lissafi. Sinadarin naitirojin da ke cikin kwalbar giram 20 ne, na buhun kuwa ya kai kilo 20, watau ninki dubu. Da Jami'ar Aikin Gona ta Punjab ta gwada shi, sai ta iske amfanin alkama da na shinkafa ya ragu.

Saboda haka wajibi ne hukumomi su hana sayar da irin waɗannan kaya sai an gwada su damina bayan damina, a ƙasar da za a yi aiki da su, a kuma binciki inda ƙwayoyin ke ƙarewa cikin rijiya da kogi, gama ba a manta da ɓarnar DDT ba. Mai zaune Kumasi ko Jidda da ke aika wa gida kuɗin taki, shi ma ya tambaya tukuna: a gonar wa aka gwada? Manomi damina ɗaya gare shi a shekara, in ta ɓaci iyalinsa ne za su kwana da yunwa.