Neman aikin nesa: ganawa ta bidiyo na auna mutum, tana auna wutarsa da rezonsa

Shekaru da dama, matashin da ya fito da difloma daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa, ƙofa biyu yake hange: aikin gwamnati ko aikin ƙungiyoyin agaji. Ƙofa ta biyu ta ƙuntata. A watan Nuwamban 2024 hukumomi sun janye izinin ƙungiyar ACTED, a farkon 2025 aka umurci ƙungiyar agaji ta CICR da ta bar ƙasar, a daidai lokacin da Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta hannun USAID. Shi ya sa hankalin masu takardu ya karkata ga aikin da ake yi daga gida ta intanet: fassara, lissafin kuɗi, amsa kiran abokan ciniki, tsara manhajoji, koyarwa. Mai ɗaukar aikin yana iya zama a Dakar, Abijan, Nairobi, Paris ko Montreal, kuma ba zai taɓa ganin ma'aikacinsa ido da ido ba. Abin da zai gani kawai shi ne ganawar rabin awa ko awa ɗaya ta Zoom, Google Meet ko Teams.

A nan ne da yawa ke tuntuɓe. A ofis, mai aiki ne ke samar da wuta, da intanet, da teburi. A aikin nesa kuwa duk wannan nauyi ya koma wuyan ma'aikaci. Saboda haka mai tambaya yana sauraren amsoshin mutum, yana kuma lura da ko murya na fita sarai, ko hoto na tsayawa, ko layi na yankewa. A wurinsa wannan ganawa ita ce samfurin kowace ranar aiki da za ta biyo baya, tunda Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Maganar wuta ce kan gaba. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin da NIGELEC ke rarrabawa daga Najeriya yake fitowa: Yamai ta layin Birnin Kebbi, su Maraɗi da Damagaram kuma ta layin Katsina zuwa Gazawa. An yanke shi a watan Agustan 2023 ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta kawo sauƙi a babban birni, amma kowa ya san yadda ɗaukewar wuta ke ƙaruwa a bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Wanda zai zauna ganawa ya ɗauka tun farko cewa za a iya ɗauke wuta ana tsakiyar magana. Ya cika batirin kwamfuta da na waya, ya tanadi batirin ajiya, ya zauna yana fuskantar taga don hasken rana ya haska fuskarsa ko da ƙwan lantarki ya mutu. In da gurup a gidan, a tayar da shi nesa da ɗakin, don ƙararsa na cinye murya.

Sai rezo. Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom ba su da ƙarfi ɗaya a kowace unguwa, kuma layin da ke gudu da asuba yana iya yin nauyi da yamma in jama'a sun hau. Dabarar ita ce a gwada kira na bidiyo da wani aboki kwana ɗaya kafin ranar, a wannan sa'a, a wannan ɗaki, da wannan manhaja. A riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, kowanne da forfe a ciki. Kiran bidiyo na awa ɗaya yana cin abin da ya kama daga rabin jiga zuwa jiga ɗaya, gwargwadon kyawun hoto. In layi ya fara rauni, a nemi izini a kashe kyamara a ci gaba da murya, don hoto ne ke cin kaso mafi girma. Starlink ya fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025, amma kuɗin na'urarsa ya fi ƙarfin mai neman aiki. Ya fi sauƙi mutum ya roƙi aron ɗaki na awa ɗaya a ofis ko cibiyar da ta riga ta haɗa shi.

Akwai kuma tarkon agogo. Nijar na gaban Dakar da Abijan da awa ɗaya, tana bayan Nairobi da awa biyu. Da Faransa lokacinmu ɗaya ne a watannin sanyi, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Paris na gabanmu da awa ɗaya: ƙarfe 10 a can, ƙarfe 9 ne a Maraɗi. Montreal na bayanmu da awa 5 ko 6, gwargwadon lokacin shekara. Wanda ya makara da awa ɗaya ba ya samun damar bayani. A rubuta wa mai aikin a tabbatar da sa'ar da agogon Yamai, in kuma ta faɗo kan sallar Juma'a, a nemi canji tun da wuri.

Gidajenmu ma ba a gina su don irin wannan aiki ba. Yara na wasa a tsakar gida, ana daka, baƙo na sallama a zaure. Dole a sanar da mutanen gida, a rufe ƙofa, a sa abin ji na kunne mai makirufo. A ɗora wayar ko kwamfutar a kan littattafai ta yi daidai da ido, bayan mutum ya zama bango fili. Tarbiyyarmu ta koya wa yaro sunkuyar da kai gaban babba, amma ta kyamara mai tambaya yana ɗaukar hakan rashin tabbas. Kallon idon kyamarar shi ne kallon mutumin. Haka nan kunya kan hana mu faɗin abin da muka iya. A shirya misali biyu ko uku na aikin da aka taɓa yi: mene ne matsalar, me aka yi, me ya fito.

Tambayar da mai neman aiki daga Nijar ya kamata ya sa ran ji ita ce ta wuta da intanet. Cewa babu wata matsala ba ya gamsar da kowa, don mai tambaya yana karanta labarai. Amsar da ke sayen amana ita ce ta gaskiya mai ɗauke da shiri: ana ɗauke wuta, ga awoyin da batirina ke riƙewa, ga layina na biyu, ga inda nake komawa in duka sun gaza.

Shi ma mai neman aikin yana da nasa tambayoyin. Shin ma'aikaci ne ko ɗan kwangila? Ɗan kwangilar kamfanin waje galibi ba wanda ke zuba masa kuɗi a asusun CNSS, don haka fansho da rashin lafiya suna kansa. Da wane kuɗi za a biya, ta wace hanya, wa ke ɗaukar kuɗin aikawa? Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, watau yuro 500 ya kusa jaka 328, kuma daga ciki ne za a cire kuɗin forfe da na wuta. Sannan a kiyayi ƴan damfara: duk wanda ya ce a turo kuɗin buɗe dosiye, ko na horo, ko na kayan aiki kafin a fara, ko ya ƙi nuna fuskarsa ya tsaya ga saƙon WhatsApp, a rabu da shi. Mai ɗaukar aiki na gaskiya shi ke biya.

Duk wannan shiri na mutum ɗaya ne, alhali matsalar ta ƙasa ce. In jami'o'i, da hukumar samar da aiki ta ANPE, da ma'aikatun magajin gari suka ware ɗaki guda mai allon hasken rana da intanet mai ƙarfi a kowane babban gari, inda matashi zai yi rajistar awa ɗaya, da an cire wa dubban masu difloma wani shingen da bai shafi iliminsu ba. Albashin da ke shigowa daga waje a kasuwar Maraɗi da Damagaram ake kashe shi, mai shi kuma yana zaune cikin iyalinsa, bai bi hanyar Agadas ba.